Akwati Don Tsohon Conn 10M: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Zan riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya da abin da ya ci, ko wani mai irin kayana ya amfana. Aikin shi ne samar wa saksofon ɗina akwati. Abin busa ne na tagulla, matsakaicin girman da ake kira tena, ƙirar Conn 10M, aikin kamfanin C.G. Conn na garin Elkhart a jihar Indiyana ta Amurka. Lambar da aka buga a bayansa, ƙasa da ƙugiyar babban yatsa, ta nuna wajen 1946 aka ƙera shi. Daga hannun malamina ya zo mini, dattijon da ya yi busa a otal-otal ɗin Sabon Garin Kano tun hailaif na tashe. Murya kam sai hamdala, mai kauri ce, tana cika ɗaki ba tare da mutum ya matsa ba. Irinsa Dexter Gordon, shahararren mabushin jaz na Amurka, ya daɗe yana busawa kafin ya koma ƙirar kamfanin Selmer.

Akwatinsa ne ya tsufa. Na katako ne mai kusurwa huɗu, da alama shi ne na asali. Hinji ɗaya ya karye an ɗaure wurin da waya, makulli ɗaya ne kawai ke kamawa. Karan-miskin ciki ya cinye har katako ya leƙo a inda kwanon ke kwanciya, wato faffaɗan bakin nan da sauti ke fita. Ga warin rima da fumfuna da ya kama har fatun maɓallai. Abin da ya fi damuna shi ne in na ɗauki akwatin ina jin saksofon ɗin yana kai da komo a ciki. A ɗaki ba komai, amma a adaidaita sahu kan hanyar da ta farfashe, kowane rami duka ne yake sha.

Zan fara neman sabo a kasuwa. In ban samu ba, in gyara wannan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na kai shi wani shagon kayan kiɗa a Sabon Gari. Akwatunan tenan da suke da su duk na zamani ne, masu siffar saksofon ɗin kansa, cikinsu farin soso ne mai tauri da aka fitar wa gurbi aka lulluɓe da yadi. Mai shagon ya ce tena duk tena ne. Muka kwantar da shi sai ya ƙi zama. Kwanon ya ɗago da kusan yatsa biyu, murfi ya tsaya bai haɗu ba. Yaron shagon ya ɗora tafin hannu zai danna, na yi maza na riƙe shi. "Oga, in an danna zai shiga," in ji shi. Na ce masa dannawar nan ce za ta lanƙwasa shi. Muka gwada wani, haka dai.

Ga dalilin. Manyan maɓallai biyu na muryoyin ƙasa, B da Bb, a jikin kwano suke. A kusan duk saksofon ɗin da ake ƙerawa yau a gefen dama suke, tsarin da ya bazu daga Selmer na Faransa tun ƙirarsu ta Balanced Action a tsakiyar shekarun 1930. In aka kwantar da irin wannan a akwati, maɓallan suna kallon sama, gefen da ke ƙasa sumul yake, don haka gurbin da ake yi masa ma sumul ne. Conn da wasu ƙirar Amurka, Martin da Buescher Aristocrat, na wancan zamani a hagu suka sa nasu. Nawa in ya kwanta, maɓallan nan da garkuwarsu ta waya su ne a ƙasa, duk nauyin kwanon a kansu yake. Waɗanda suka girme shi ma, irin Conn New Wonder na shekarun 1920, maɓalli ɗaya a dama ne ɗaya a hagu, ko ta ina aka kwantar da su sai wani ya taɓa.

Da dare na duba intanet. Akwai waɗanda ke ɗaukar irin nawa. Kamfanin Protec na da samfurin da suke kira XL mai wadataccen wuri a wajen kwano, masu tsofaffin Conn kuma suna yaba Hiscox na Ingila. Amma ban samu ko ɗaya ƙasa da dala 200 ba, dala kuwa a Nuwamban 2024 ta haura naira 1,600. An riga an kai naira 320,000 ke nan kafin a zo maganar kuɗin jirgi da na kwastan, kuma babu damar gwadawa kafin biya. Na ajiye wannan shawara.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ɓare yadin tsohon akwati da niyyar in shanya katakon in sake masa ciki. Da na ɗaga yadin ƙasa sai garin itace ya zubo, laushinsa kamar tankaɗaɗɗen gari. Ƙwaro ya cinye katakon ta ciki. A kusurwar da hinjin ya karye na tura ɗan yatsa ya nutse. Filawud ɗin murfi kuma ya rabu bene-bene, gam ɗinsa ya mutu tuntuni. Babu inda sukuru zai kama.

Raina ya ɓaci, domin da shi malamina ya yi yawonsa. Na cire mariƙin da 'yar tambarin ƙarfen da ke jikinsa na ajiye. Sauran ba zai gyaru ba. Sabon akwati za a haɗa daga tushe.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Awo. Na kwantar da saksofon ɗin kan kwalin firji na bi gefensa da fensir, na riƙe fensirin a tsaye don kada zanen ya shige ƙarƙashi. Tsawon jiki, ban da wuyansa da ake cirewa, inci 28 da ɗoriya, faɗin kwano ya ɗan haura inci 6. Cikin akwati zai zama inci 32 tsawo, 13 faɗi, 8 da rabi zurfi.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kafin in sayi komai na je wurin Baba mai gyaran kayan busa, tsohon mabushin badujalar 'yan sanda ne da ya yi ritaya. Na nuna masa zanen, na ce ina so in cika akwatin da soso mai laushi ta ko'ina. Ya girgiza kai.

"Ɗana, laushi ba ya tsare kaya. Wuri uku za ka riƙe shi: gwiwar ƙasa, wuyan kwano, sai toshiyar sama. Duk inda maɓalli yake, iska za ka bar masa."

Ya ɗauki saksofon ɗin ya nuna mini dalili. Jikinsa bututun tagulla ne da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, an huda shi da ramuka sama da ashirin, a kan kowane rami akwai fata da dole ta zauna daram. In akwati ya faɗi kuma akwai wurin motsi a ciki, saksofon ɗin ne zai yi gudu ya daki bango, bututun ya ɗan karkata. Ido ba zai gani ba, sai ka zo busa muryoyin ƙasa su ƙi fita. In kuma soso yana danna maɓalli dare da rana, a hankali sandar maɓallin za ta lanƙwashe, fatar ta daina rufewa daidai.

Ya ƙara da abin da ya shafi nawa kai tsaye. Bakin ramukan 10M na waɗannan shekaru a naɗe yake, an lanƙwasa tagullar ta koma waje, abin da Conn suka daina yi ba da daɗewa ba bayan an ƙera wannan. Ramin da bakinsa a miƙe yake, in ya karkace ana iya goge shi da magagari ya daidaita. Naɗaɗɗe kuwa in aka goga sai a cinye naɗin, don haka sai dai a bi shi da haƙuri ana ɗagawa ta ciki. "Gyaransa ya ninka na sauran wahala," in ji shi, "kada ka bari ya kai ga haka."

Sai maganar toshiya. A saman jiki, inda wuya ke shiga, akwai ɗan tsinken ƙarfe da ya leƙo sama, shi ke ɗaga maɓallin oktaf na kan wuya, wanda ke mayar da murya sama. Toshiyar da ake cusawa a bakin ita ke kare shi, ita ce kuma ke ɗaukar duka in akwati ya faɗi ta kai. Tawa ta asali ta ɓata tun kafin kayan ya zo hannuna, ta robar da ke kai kuma gajeruwa ce, tsinken ya fi ta tsawo. Baba ya auna bakin ya rubuta mini a takarda, ya ce in sa a feƙe mini ta katako.

Asabar, 16 ga Nuwamba

'Yan Katako, Na'ibawa. Rabin filawud mai kaurin kwatan inci don sama da ƙasa, naira 6,500. Afara mai rabin inci don gefuna, naira 5,000. Afara na zaɓa saboda rashin nauyi, domin saksofon ɗin kansa ya haura kilo uku, ba na so akwatin ya zama kaya na biyu. Dogon hinji guda ɗaya mai bin tsawon baya, makullai uku masu ja su ɗaure, da sukurori, naira 7,200. Dogon hinjin ya fi ƙanana biyu, domin yana raba nauyin murfi a kan sukurori da yawa.

Kafintan unguwarmu ya karɓi aikin a naira 15,000, toshiya naira 1,500. Da ya ji abin da za a sa a ciki ya ce, "Malam, wannan ai akwatin lefe za mu yi masa." Na ce ƙarfi nake so, ado ya biyo baya.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An yanka katako, an haɗa gefuna. Babu wuta, aikin na'ura ya tsaya.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ya haɗa akwatin a rufe ruf, sama da ƙasa da gefuna duk an manne, sannan ya ja layi ya zagaye shi ya raba da zarto. Haka murfi da gindi suke fitowa daidai da juna ba sai an yi ta gwaji ba. Gindi inci 5 da rabi, murfi inci 3. Ya sa 'yan sandunan katako masu kusurwa uku a kowane lungu na ciki don ƙarin ƙarfi. Na tsaya a kansa da ƙafa biyu bai ko yi ƙara ba. Toshiyar ta fito kyau, ta maɗaci ce, ta fi tsinken tsawo da kusan rabin inci.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Yau abu biyu suka lalace.

Kafintan ya dage a gwada soson katifa a ƙasa, ko da a matsayin shimfiɗa, tunda shi suke sa wa kujeru. Na sayo gutsattsari na naira 2,000. Muka yanka gurbi muka kwantar da saksofon ɗin. Da farko abin sha'awa. Na danna kwanon da hannu ɗaya, ba da ƙarfi ba, sai ya nutse har na ji garkuwar maɓallin Bb ta taɓa filawud. In hannu ya iya haka, faɗuwa daga kan benci ba a magana. Soson kuma yana tasowa ta gefe yana tura maɓallan tafin hannun hagu, na D da Eb da F na sama, har ɗaya ya buɗe. Maganar Baba ta tabbata a gaban idonmu, kafintan da kansa ya kwashe soson.

Sai muka koma kan farin soson nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin. Yana da tauri, ba shi da nauyi, kuma danginsa ne a cikin akwatunan shago. Na sassaƙa tubali biyu, na gwiwa da na wuyan kwano, suka zauna daidai. Aikin ya ci yammacin gaba ɗaya. Na shafa musu gam ɗin masu takalma, gwangwanin naira 4,000, na ajiye su sha iska kafin mannawa. Da na waiwayo sai na ga fuskar tubalin tana zubewa, ramuka suna buɗewa, gam ɗin yana cin sa yana shiga ciki. Sinadarin da ke sa gam ɗin ya zama ruwa shi ne ke narkar da irin wannan soso. Kafin magariba tubalan biyu sun zama dunƙule mai yauƙi. Farin gam na kafintoci ba ya cin sa, amma tun wajen sassaƙa na lura yana marmashewa, ƙwayoyinsa suna manne wa komai. Ƙwaya ɗaya in ta shiga tsakanin fata da bakin rami ta isa ta hana murya fita. Na haƙura da shi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Kasuwar Ƙofar Wambai, layin masu kayan takalma. Abin da nake nema ashe yana nan jibge: marko, tauraren soson da ake yin ƙasan silifa da shi. Ka danna shi da babban yatsa ya ɗan shiga ya dawo, ba ya shan ruwa, ba ya marmashewa, wuƙa tana yanka shi sumul, gam ɗin takalmi kuma don shi aka yi. Na ɗauki falle uku masu kaurin rabin inci, naira 5,500 kowanne, 16,500 ke nan. Mai shagon ya nuna mini baƙar roba mai rahusa, na ƙi. Akwai farar wuta a haɗin irin wannan roba, tana baƙanta ƙarfe, jikin saksofon ɗina kuwa fentinsa ya goge a wurare da yawa, tagullar a fili take.

Tsarin shi ne a jera markon bene-bene, kowane bene da nasa yankan, yadda in an haɗa za su ba da gurbi mai zurfi daban-daban. Benen ƙasa ba a huda shi, shimfiɗa ce. Na biyu da na uku za a huda su a inda maɓallan B da Bb da garkuwarsu za su rataya, da inda faifan ƙaramin yatsan hagu yake, da wajen maɓallan tafin hannu. Na sama su bi siffar jiki.

Laraba, 4 ga Disamba

Yanka da dare bayan an taso aiki. Reza tana dakushewa da wuri, in ta dakushe sai ta riƙa yaga. Ban manna komai ba tukuna.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ranar gwaji. Ido ba ya ganin ƙarƙashin saksofon in ya kwanta, don haka na barbaɗa hodar jarirai a cikin gurbin, siririya, na kwantar da shi a hankali, na ɗaga. Duk inda ƙarfe ya taɓa ya bar sawu a kan hodar. A gwiwa da wuyan kwano sawun ya fito, can ake so. Amma ya fito a wuri biyu da ba a so: ƙafar garkuwar B, da gefen maɓallin G# na ƙaramin yatsa. Na ƙara zurfin wuraren, na goge hodar daga jikinsa da tsumma, na sake. Daga baya na bi da siririn yankin takarda ina zura shi ƙarƙashin kowane maɓalli. Inda ya wuce salin-alin babu taɓawa, inda ya maƙale a ƙara yanka.

Na murfi ya fi wuya, domin da zarar an rufe ba a ganin komai. Uwargida ce ta kawo dabarar. Ta kwaɓa fulawa da tauri, muka yi 'yan dunƙule muka ƙulle kowanne a leda, muka ɗora a kan wuraren da suka fi tsawo: gefen kwano, maɓallan gefe na hannun dama, garkuwar C ta ƙasa. Muka rufe murfi muka buɗe. Kaurin da kowane dunƙule ya koma shi ne tazarar da ke tsakanin wurin da murfi. Na kan maɓallan gefe ya rage da kauri mai kyau. Na kan kwano ya nuna akwai wajen inci ɗaya na banza, can za a sa matashin da zai riƙe shi ta sama. Matasai biyu kawai zan sa a murfi, ɗaya kan kwano ɗaya kan gwiwa, daidai saitin na ƙasa, yadda in an rufe za su kama shi tsakaninsu.

A wajen toshiya na manna tubalin marko mai bene huɗu da rami daidai girmanta. Yanzu ba ya motsi gaba ko baya. Wuya ba zan jefa shi cikin kwano ba kamar yadda wasu ke yi. Na fitar masa da nasa gurbi a filin da ke tsakanin kwano da saman jiki, bakin busa ma nasa daban.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai a makon nan, kuma ya taɓa aikin. Na zo rufe akwatin sai makullin tsakiya ya ƙi kaiwa. Na duba ta gefe, murfin ya bankare, kusurwa ɗaya ta ɗago har ana iya zura tsabar kuɗi a tsakani. Afarar ba ta gama bushewa ba lokacin da aka saye ta. A hannu kamar busasshiya, ashe akwai ruwa a cikinta, iskar hunturu ta zo ta janye shi da gaggawa. Gefen gindi mai faɗi ne, ga filawud da sandunan lungu sun riƙe shi, bai motsa ba. Na murfi siriri ne, shi ya murɗe.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce a garinmu. Ƙurar hunturu in ta samu kafa sai ta shiga, ta haɗu da man da ke cikin sandunan maɓallai ta riƙa cin ƙarfen a hankali, ta kwanta kan fatu su riƙa mannewa. Akwatin da ba ya rufuwa ruf rabin aikinsa ya tafi. Kuma murfin da ya karkace ba zai danna matasan nan biyu daidai ba, duk awon fulawar ya tashi a banza.

Kafintan ya ce a jiƙa shi a ɗora masa dutse ya kwana biyu. Na ce zai miƙe, amma da ya sake bushewa zai koma. Muka tsaya a kan a cire gefunan murfin a sake su da filawud mai rabin inci, tunda shi benayensa a gicciye suke, ba ya bin iska. Ya kuma kawo shawarar da ta fi tawa: a manna siririn leɓe na filawud a cikin bakin gindi, ya ɗago da rabin inci, yadda murfi zai sauko ya rufe a kansa. Ko da wata 'yar kafa ta sake buɗewa, ƙura ba za ta samu hanya miƙaƙƙiya ba, murfin kuma ba zai goce gefe ba in akwatin ya faɗi. Kaya da aiki naira 6,000.

Duk mai shirin irin wannan aiki, ya yi gefunan da filawud tun farko, ko ya sayi katakon ya jingine shi a inuwa ya sha hunturu guda kafin a taɓa shi.

Laraba, 18 ga Disamba

Sabon murfi ya hau. Makullai uku duk suna kamawa. An sake awon fulawa, an manna matasai.

Asabar, 21 ga Disamba

Yadin ciki. Na sayo jan karan-miski yadi ɗaya da rabi a Kantin Kwari, naira 7,500. Kafin in manna na goga shi a kan baƙin wando, sai ga jan gashi ya cika wurin. Na jiƙa farin tsumma na murza, ya ɗauko launi. Bayan busa akwai laima a jikin saksofon, yadin da ke zuba zai rina fatu, gashinsa kuma ya maƙale a bakin ramuka. Ya tafi wajen rigar matashin kujera. Na koma na samo wani mai gajeren gashi, ruwan toka, mai ɗan miƙewa in an ja, naira 9,000. Na goga, na jiƙa, bai saki komai ba. Miƙewar tana da amfani wajen bin lunguna ba tare da tattarewa ba.

Da farin gam na manna yadin, naira 2,500, siriri, don kada ya huda ya taurara gashin. Yadin yana cin wuri kaɗan, don haka na sake bin ko'ina da yankin takarda. Gam ɗin takalmin da ke tsakanin benayen marko har yanzu yana wari. Saksofon ba zai kwana a ciki ba sai warin ya fita. Akwatin yana buɗe a baranda, a inuwa, na rufa masa gidan sauro saboda ƙura.

Asabar, 28 ga Disamba

Kafintan ya lulluɓe waje da ledar kujera mai kauri, yadi biyu, naira 8,000. Ruwan ƙasa mai haske na zaɓa, ba baƙa ba. Da wani irin ƙaro ake manne fatun saksofon a cikin maɓallai, zafi yana sassauta shi, baƙin akwati kuwa a ranar bazara ya fi saurin ɗaukar zafi.

Daga nan na kai wa wani dattijon baduku a Kasuwar Kurmi. Ya yanka ƙirgi ya yi wa kusurwoyi takwas ɗin hula, ya ɗinke su da hannu, ya sake naɗe tsohon mariƙin da sabuwar fata. Mariƙin da ƙusoshi masu noti aka ɗaura shi, sun huda katakon sun fita ciki an sa musu faifan ƙarfe, ba sukuru ba, domin duk nauyin a nan yake rataye. Ya so ya shimfiɗa jar fatar akuya a ciki. "Wannan kaya na manya ne, ɗana, jar fata ta dace da shi." Fatar kam ta yi kyau, jemammiya da bagaruwa, taushi kamar me. Na ce, "Baba, a yi haƙuri a bar ta a waje." Fata mai mai in ta daɗe tana taɓa tagulla sai wani kore mai danƙo ya fito a wurin, kowa ya san shi a jikin ƙarfen tsohon ɗamara. Ya ce ya sha gani a kan kuben wuƙa. Sai ya yanka 'yar guntuwa ya ɗora tsohuwar tambarin a kanta, a saman murfi. Naira 12,000 duka.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wari ya fita, saksofon ya shiga. Na rufe na girgiza akwatin ta kowace fuska, kunne a jikinsa, ban ji komai ba. Na tsayar da shi ta kai, ta gindi, shiru. Sai gwajin hanya: adaidaita sahu daga Hotoro zuwa Sabon Gari da dawowa, akwatin a tsaye tsakanin ƙafafuna, gwiwa a ƙasa.

Da na buɗe a gida na ga ɗan sukuru ƙarami kwance a kan yadin, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Conn suna sa irin waɗannan ƙananan sukurori a gefen ginshiƙai don su danne manyan da ke riƙe sandunan maɓallai, kuma an san su da kwancewa. Da a tsohon akwati ne ya bi ta wata kafa ya tafi, samun madadinsa a nan kuwa aiki ne. Launin tokar ya sa na gan shi nan take. Na gano ginshiƙin da ya fito, na mayar. Na busa daga sama har Bb na ƙasa, a hankali, duk sun fita.

Abu ɗaya bai yi ba. In an ɗauki akwatin ta mariƙi yana rinjaya wajen kwano, domin a tsakiyar tsawo aka ɗaura shi, nauyin kuwa ba a tsakiya yake ba.

Asabar, 11 ga Janairu

An matsar da mariƙi inci ɗaya da rabi wajen kwano. Mun gano wurin ne ta hanyar ɗora akwatin, da saksofon a ciki, a kan sandar tsintsiya har ya tsaya bai rinjaya ba. Baduku ya rufe tsoffin ramukan da guntun ƙirgi, bai karɓi komai ba. Nauyin akwatin ba kaya kilo huɗu da rabi a sikelin mai shinkafa, ya fi yadda na so.

Jimillar kuɗi zuwa yau naira 102,700. A ciki 15,500 sun tafi ne a soson katifa, jan karan-miski da sake murfi.

Saura igiyar goyo, domin hannu yana gajiya in tafiya ta yi nisa. Zobbanta ma da noti za a ɗaura su. Kafin damina ina so a ɗinka masa riga ta tamfol, in kuma tara 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, in yi musu aljihu a murfi. Ranar Laraba zan kai wa Baba ya bi sauran ƙananan sukurorin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma duba matashin kan kwano, domin ina ganin ya ɗan fi dannawa ta gefen baya.